Yadda na daidaita siginar EEG da hoton MRI

Kwana uku ina fama a ɗakin bincikenmu a Abuja. Na ɗora siginar EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa daga fatar kai, kan hoton MRI, wato hoton cikin kai, na mutum guda, sai lissafin ya rikice, wai wutar ƙwaƙwalwa ta rasa mazauni. Na zargi janareta, na tace ƙarar hertz 50. Shiru.

Abokin aikina ya leƙo: "Malam, duba ma'auninka." Ashe wuraren ilektirod, 'yan faifan da ake mannawa a kai don ɗaukar siginar, a milimita na adana su, manhajar MNE da nake lissafin da ita kuwa mita take karantawa. Na raba da 1000, na sake saita alamomin da ake daidaita EEG da MRI da su, wato karan hanci tsakanin idanu da gaban kunnuwa biyu. Samfurin kai mai rufi uku, fata, ƙoƙo da ƙwaƙwalwa, ya zauna daram. Siginar gani ta koma ƙeya, inda sashen gani na ƙwaƙwalwa yake.