Yadda Ake Gano Ko Kamfani Ya Yi Wa Jif Ɗinka Kiranye

Tsadar mota ba ta hana ta fitowa daga masana'anta da aibi. A 2010 kamfanin Toyota ya dakatar da sayar da jif ɗin Lexus GX 460, kuma ya yi masa kiranye, wato ya nemi waɗanda suka saye shi su dawo da shi a gyara, bayan gwaji ya nuna cewa bayansa yana zamewa idan an sha kwana da gudu, abin da ka iya kifar da shi.

Da farko, ka nemo lambar shasi, wato VIN, domin da ita ake tantance motocin da kiranye ya shafa. Jif biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya, ana iya kiran ɗaya a bar ɗaya. Lambar tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Haruffa ne da alƙaluma 17, kuma babu I, O ko Q a cikinsu, don haka duk abin da ya yi kama da O sifili ne.

Daga nan ka shigar da ita a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar. Idan an fara sayar da motar a Amurka ne, shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta ƙasar, zai nuna kiranyen da ba a yi gyaransa ba tukuna. Wanda ya sayi motar hannu kada ya zauna jiran wasiƙa, domin sau da yawa tana zuwa ne adireshin mai ita na baya.

Sai ka karanta sanarwar a tsanake. Idan ta ce a daina tuƙa motar, to a ajiye makulli. Jakar iska mai kare direba lokacin haɗari, ƙirar kamfanin Takata, wadda aka saka a motoci da dama har da tsofaffin BMW X5, ta isa misali: zafi da laima na lalata sinadarin da ke hura ta, ta yadda idan ta buɗe sai tukunyarsa ta tarwatse, ɓarɓashin ƙarfe ya fesu a fuska da wuyan direba. Mutane sun rasa rayukansu ta haka, kuma ba na ganin akwai uzurin jinkiri a nan.

A ƙarshe, ka kira dilan da kamfanin ya amince da shi, ka tambaye shi ko kayan gyaran sun iso kafin ka kai motar. Bisa ƙa'ida gyaran kiranye kyauta ne. Ka karɓi takardar shaidar aikin ka adana, sannan ka riƙa sake duba lambar sau biyu a shekara, domin sabon kiranye na iya fitowa bayan motar ta tsufa.