Yadda ake jiran iska mai ƙarfi ta wuce a jirgin ruwan da ke kan anka

A tsibiran Girka akwai wata iskar arewa da ake kira Meltemi. Ta fi tasowa a watannin Yuli da Agusta, takan yi kwanaki tana kaɗawa, gudunta ya haura kilomita 60 a awa, alhali sama tas ba ko gajimare. Masu zama cikin ƙananan jirage a can ba sa jira ta iso kafin su shirya, domin kusan duk aikin tun ruwa yana kwance ake gama shi.

Da farko zaɓi wuri. Nemi lungun da tudu ya tare maka iska, bayanka kuma fili ne, ba duwatsu ba, ko da jirgin zai zame. Yashi da laka sun fi riƙe anka, wato ƙugiyar ƙarfe mai nauyi da ake jefawa ƙasan ruwa da sarƙa don ta tsayar da jirgi. Ciyawar ruwa mayaudariya ce, sai ka ga kamar ta kama, tsakar dare ta sake ka. Kada ka maƙale a gindin dogon tsauni, iskar da ke gangarowa daga kansa takan fi ta fili ƙarfi.

Sai batun sarƙa, wanda a ganina ya fi nauyin ankar kanta muhimmanci. Anka tana riƙewa ne idan ana janta a kwance. Da zarar jan ya koma sama, ta tuge. Don haka auna zurfin ruwa, haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa, ka ninka sau 7. Zurfin mita 5 da goshi mai mita 1 na bukatar sarƙa mita 42. In akwai fili, kai ta ninki 10. Bayan ka sake ta, sa giyar baya ka ja sosai har ka tabbata ankar ta nutse.

Sarƙa ba ta miƙewa kamar roba, shi ya sa ake maƙala mata igiyar nailan mai tsawon mita 8 zuwa 10, a ɗaure a goshin jirgi, ta riƙa shanye fizgar igiyar ruwa. Inda take gogar ƙarfe, zura mata guntun tiyo. Gogayya ce ke yawan tsinke ta, sai ka riƙa leƙawa.

Sauke duk abin da iska ke kamawa: rumfa, shanya, ƙyallen tuƙi. Ɗaure ƙaramin kwalekwale tam. In gudun iska ya ninka biyu, turin da take yi wa jirgi ninki huɗu yake zama.

Da dare kunna farar fitilar anka, saita ƙararrawar GPS mai kaɗawa in jirgi ya gusa daga wurinsa, bar rediyon VHF, na magana tsakanin jirage, a tasha ta 16 ta kiran gaggawa. Tun da rana ka shaida abubuwa biyu a gaɓa, ɗaya a bayan ɗaya. In suka rabu suka ci gaba da rabuwa, kana zamewa. A yi gadi bi-da-bi, makulli yana jikin inji, rigar ceto da tocila a kusa. Abinci kuwa a dafa tun da wuri a zuba a fulas, kuma kada a rufe ko'ina ruf ana girki da gas.

In ankar ta fara zamewa, ta da inji, fuskanci iska da ɗan gudu kaɗan, ƙara sarƙa. In ta ƙi kamawa, ɗage ta ka sake jefawa a wani wurin.