Ƙwallo, gero da tocila: yadda nake koya wa yara rana da duniyoyinta

Zanen da ke cikin littafin firamare yana jera duniyoyi takwas dab da juna, kusan girmansu ɗaya, yaro ya tashi da wannan hoton a ransa. Shi ya sa ni da 'yan ajina a nan Gusau, darasin nan a filin makaranta muke yin sa.

Ku samo ƙwallon ƙafa ku ajiye a gindin bishiya, ku ce ga rana. Sai ku ɗora wa yaro guda ƙwayar gero ɗaya a tafin hannu, ku ce ga duniyarmu, da Gusau da Makka da teku duk suna kanta. Za su yi ta musu, ku bar su, amma lissafin daidai yake, faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. Mai geron ya yi nisan mita 24 daga ƙwallon, taku 30 ke nan na babban mutum. Idan ya tsaya can yana lallaɓa ƙwayarsa kada iska ta kwashe, a lokacin za ku faɗa musu cewa wannan ratar kilomita miliyan 150 ce, kuma hasken rana sai ya yi tafiyar minti 8 kafin ya iso mu. Mushtari, babbar cikinsu, ƙaramin goro ya ishe ta, mai riƙe da shi kuwa sai ya zarce tsawon filin ƙwallo. Neftun tana can wajen mita 700, ba a aika yaro, nuni ake yi da yatsa.

Sunayen kuwa kada a matsa musu da hadda ranar farko: Utarid, Zara, Duniya, Mirrihi, Mushtari, Zuhal, Uranus, Neftun. Wani zai zo da tsohon littafin yayansa mai tara. Ku ce masa a 2006 ne masana suka fitar da Fuluto daga sahun manya.

Ni da Zara na fi so a fara, domin sun riga sun santa a bakin kakanninsu, Zara matar wata. Aikin gida shi ne, a watannin da take fitowa ta yamma, Baba ko Inna su nuna musu ita bayan magariba. Su lura ba ta ƙiftawa kamar sauran taurari. Hasken rana take aro, kuma ita ce dai gamzakin da ake gani da asuba a wasu watannin.

Dare da rana sai a ɗaki mai duhu. Tocila ce rana, lemo ne duniya, a soka tsinke a jikinsa a ce nan ne gidanmu, a juya a hankali har tsinken ya shige inuwa. A sa goro a bayan lemon, a ce shi ne wata, inuwa ta rufe shi, sun ga zazzaɓin wata da idonsu. A dawo da goron tsakanin tocila da lemo, ga husufin rana, irin na 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Gusau da hantsi. Iyayensu da yawa sun shaida shi, a tura yaran su tambayo.

A nan nake ɗaure fuska. Yaron da aka kwaɗaita wa rana zai so ya ƙura mata ido, kuma tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Baƙin tabarau ba ya karewa. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a kalli ɗigon haskenta a kan farar takarda.