Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen fulogi da saita bakinsa

Mota ta fara shan mai, tana shessheƙa idan an taka ta a kan hawa, sai a ɗora wa koyil ko famfon mai laifi. Sau da yawa matsalar tana bakin fulogi ne, a 'yar tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa, inda wuta ke tsallakawa ta kunna fetur.

Mutane da yawa suna ɗaura sabon fulogi ba su auna ba, wai ai daga kwali ya fito. Amma fulogi iri ɗaya yakan shiga injuna daban-daban, kuma faɗuwa ɗaya a ƙasa ta isa ta matse bakinsa. Yawancin motocin fetur suna son tazarar milimita 0.7 zuwa 1.1, masu turbo kuma sukan so ta fi haka matsewa, domin matsin da ke cikin silinda yana wahalar da wuta wajen tsallakawa. Idan bakin ya buɗe da yawa, koyil zai yi ta wahala har ya ƙone. Idan ya matse, wutar ta yi ƙanƙanta, man ba zai ƙone duka ba. Littafin motarka shi ne alƙali, ba ido ba. A fulogin kamfanin NGK, lambar 11 da ke ƙarshen suna tana nufin milimita 1.1.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin ana buga fulogi a kan ƙarfe, ko a cusa sukundireba a banƙare bakinsa. Ƙugiyar kaɗai ake lanƙwasawa, a hankali, ba a jingina komai a kan tsinken tsakiya. Na iridiyam kuwa, wato mai tsinken da aka yi da wani ƙarfe mai jure ci, tsinkensa siriri ne ƙwarai, wajen milimita 0.6, taɓawa kaɗan ya karye, don haka a auna shi da ma'auni mai waya, in ya yi daidai a ƙyale shi.

Sai batun zafi, wanda nan ne aka fi asara. Kan fulogi yana bukatar ya kai wajen digiri 450 a ma'aunin Celsius kafin ya ƙone dattin da ke taruwa a jikinsa, amma idan ya haura 800 sai ya riƙa kunna mai tun lokaci bai yi ba, hakan kuwa yana iya huda fistin. Fulogi mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi daga kansa, a injin da ba a wahalar da shi zai yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ga tarkon: a NGK da Denso, babbar lambar zafi a sunan fulogi tana nufin mai sanyi, a Bosch da Champion kuwa mai zafi take nufi. Kada ka ɗauki lambar wani kamfani ka nemi irinta a wani.

Tsawo ma haka. Wanda ya zarce zai iya dukan fistin, gajere kuma ya bar wutar a cikin rami. Tsada ba ta ƙara wa inji ƙarfi: iridiyam daɗewa yake yi, har wajen kilomita 100,000, inda na gargajiya ke gajiya a wajen 30,000.

Wajen ɗauri, bari injin ya huce tukuna. Fara murzawa da hannu har ya zauna, sannan ka sa sifana. Mai kaurin milimita 14 da wosha a kan injin alminiyam yana bukatar ƙarfin ɗauri na kimanin Nm 25 zuwa 30 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), abin da ya wuce haka cinye haƙoran ramin yake yi.