Yadda ake aikin sa-kai a kicin ɗin ciyarwa na Yahudawa

Toh, in kana gari irin New York kana son ka ba da 'yan awanni wajen ciyar da masu jin yunwa da marasa matsuguni, akwai kicin-kicin na al'ummar Yahudawa da ke karɓar 'yan sa-kai, irin Masbia da aka buɗe a unguwar Borough Park ta Brooklyn a 2005. Ba sai kai Bayahude ne ba, shi ma wanda ya zo ci ba a tambayar addininsa.

Fara yin rajista ta intanet ko ka buga waya, kar ka faɗo musu haka kawai, don aikin a rabe yake, wasu na yanke-yanke tun da rana wasu na rabo da yamma. Sannan ka lura da Shabbat, wato ranar hutunsu ta ibada, daga faɗuwar rana ranar Juma'a har daren Asabar masu riƙo da addini ba sa kunna wuta balle girki, yawanci a rufe za ka samu wurin.

Inda sabon zuwa ya fi yin tuntuɓe shi ne kosha, wato ƙa'idar abincinsu. Nama da madara ba sa haɗuwa ko kaɗan, ba a tukunya ba ba a faranti ba, har wuƙa da katakon yanka da soson wanke-wanke kowanne da nasa, wurare da yawa ma launi suke sawa, ja na nama shuɗi na madara, ka ga in ka tsoma cokalin madara a miyar nama mai tafasa ana iya ajiye tukunyar gaba ɗaya a gefe. Don haka kar ka shiga kicin da abincinka, ko da kofin shayi mai madara ne. Ƙwai ɗaya-ɗaya ake fasa shi a kofin gilashi a ɗaga a duba, in da ɗigon jini a zubar. Ganye kamar latas sai an wanke an duba shi da kyau saboda ƙananan ƙwari. Murhu ma kar ka kunna sai ka tambaya, a ƙa'idarsu akwai girkin da Bayahude ne zai kunna wutarsa. Akwai mai lura da duk wannan, mashgiyak suke ce masa, shi za ka dinga tambaya ba kunya. Gaskiya wannan ba tsanani ba ne a banza, akwai dattijon da gara ya kwana da yunwa da ya ci abin da bai tabbatar da shi ba, ya amince da wurin ne shi ya sa ya zo, amanarsa ce a hannunka.

Tsafta kuwa kamar kowane kicin, wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20, safar hannu, rufe gashi, takalmi rufaffe, in kana mura ka zauna a gida.

Sai ɓangaren da ya fi taɓa min zuciya, wato rabo. Masbia kamar gidan abinci suka tsara wurin, mutum ya zauna a teburi a kawo masa, ba layi da kwano a hannu ba. Kalmarsu ta tsedaka da sadakarmu tushensu ɗaya, a wurinsu tana ɗauke da ma'anar adalci, haƙƙin mai buƙata ne kake miƙa masa. Malaminsu Maimonides da ya rayu a Masar a ƙarni na 12 ya raba ta hawa 8, cikin manyan akwai wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. Saboda haka waya a aljihu, ba hoto. Ajiye farantin a hankali, ka kalli mutum ka gaishe shi, ka tambaye shi ko a ƙara. Wani zai shigo da jakunkunan da duk abin da ya mallaka ke ciki, kar ka taɓa su sai ya ce, kuma kar ka tambaye shi yadda aka yi ya kai haka, in yana son hira shi zai fara. Wasu masu addini ba sa musabaha tsakanin mace da namiji, murmushi da ɗan sunkuyar da kai ya isa.

Kar ka sulale da an gama rabo, goge tebura da fitar da shara nan ne hannu ke ƙaranci. In za ka iya ka ɗauki rana ɗaya tsayayya a mako, ranar da ba za ka samu zuwa ba ka sanar da su da wuri su nemi wani a gurbinka.