Matakan Shirya Labari Kafin Miƙa Shi ga Edita

Idan ka kammala labarinka, ka jingine shi mako 2 tukuna. Bayan nan ka karanta shi a bayyane, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake, musamman kalmomin da mu mazauna Jidda muka saba da su, irin su sayyara da jawwal, alhali mai karatu a Kano mota da waya ya sani. A ganina gara a bar su a bakin mutanen cikin labarin kawai. Sai ka gyara haruffa masu ƙugiya.

Ka fara tura wa edita babi ɗaya, ku daidaita kan kuɗi da wa'adi a rubuce. In a Saudiyya za ka buga, Ɗakin Karatu na Sarki Fahad da ke Riyad ke bayar da lambar ISBN, wato lambar shaida da ake bai wa littafi don a bambance shi da sauran littattafai a duniya.