Kafin ka biya kuɗin mota mai ƙofa biyu a Jidda ko Makka: kurakuran da aka fi yi

Mota mai ƙofa biyu, irin su Mustang da Camaro da Challenger da Nissan 370Z, tana da wani hali a kasuwar motocin hannu ta Saudiyya. Farashinta yana saurin karyewa, amma kuɗin riƙonta ba ya motsi. Bayan shekara takwas ko goma sai ka gan ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da kuɗin da bai fi na Camry ba, alhali tayarta da birkinta da inshorarta suna nan a farashin motar masu hali. Samarinmu da dama a Makka da Jidda da Madina sun sayi irinta da murna, kafin shekara ta zagayo sun maida ita kasuwa da asara. Ba sayen doki ke da wuya ba, harawarsa.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne mutum ya tattara duk abin da ya mallaka ya zuba a kuɗin saye, ya koma gida da makulli da aljihu wayam. Gyaran wannan ana yin sa ne tun kafin a je ganin motar. Ka nemi mai ita ya turo maka hoton lambar girman taya, ka kira shagon taya ka ji kuɗin guda huɗu. Da yawa daga cikin motocin nan tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a juya su gaba da baya don su ci daidai, kuma na bayan ne ke saurin suɗewa. Ka tambayi kuɗin takalman birki, musamman idan birkin Brembo ne. Ka nemi farashin inshora da shekarunka na gaskiya, domin matashi a kan mota mai silinda takwas ba ya samun farashin da dattijo ke samu a kan Corolla, balle idan kana son shamil, wadda ke biyan gyaran taka motar. Ko juyen baƙin mai ba ɗaya ba ne: Mustang GT daga ƙirar 2018 tana shan kusan lita tara da rabi, haka ma Camaro SS. Injin Hemi na Challenger fulogi goma sha shida gare shi, biyu a kowace silinda. Ka haɗa wannan lissafi, ka cire shi daga kuɗin da ke hannunka. Abin da ya rage shi ne kuɗin motarka, ko da zai sa ka sauko daga mai silinda takwas zuwa mai shida.

Fetur kuwa, abin mamaki, a nan aka fi yin ƙoron da ba shi da amfani. Tun watan Yuli na 2021 gwamnati ta kafe farashin lita a riyal 2.18 ga mai lamba 91, da riyal 2.33 ga mai lamba 95. Tazarar halala goma sha biyar ce, wato riyal tara a tankin lita 60. Saboda riyal tara mutum zai riƙa ɗura wa BMW mai turbo ko Toyota 86 man da bai dace da ita ba, a cikin zafin Agusta. Ka buɗe murfin tanki ko littafin motar, ka ba ta abin da aka rubuta.

Sai babban al'amari, wanda na fi so a tsaya a kansa. Masu saye suna kafa ido a kan kilomitar da motar ta ci, suna mantawa da tambayar wane irin tuƙi aka yi mata. A motar iyali kilomita tana faɗin gaskiya gwargwado. A irin waɗannan motoci ba haka ba ne. Wadda ta yi kilomita 150,000 tana zirga-zirga tsakanin Jidda da Madina a hannun ma'aikaci mai natsuwa ta fi wadda ta yi 60,000 a hannun yaron da ke fita da ita tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota, da tsakar dare, yana murza ta har taya ta yi hayaƙi. Hukuma tana cin tarar riyal 20,000 a karon farko na wannan wasa, tare da tsare motar, amma ba a daina ba, kuma motocin da aka yi da su a kasuwa suke ƙarewa, an wanke su an goge suna ƙyalli.

Mai sayarwa ba zai gaya maka ba, motar ce za ta gaya maka. Ka durƙusa ka zura hannu cikin ramin tayar baya. Idan ka ji ɓurɓushin roba ya narke ya manne a jiki, an ƙona taya a wurin. Ka duba shekarar kowace taya: lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayoyin baya sababbi fil na kamfani mai araha, na gaba kuwa tsofaffi na asali, abin tambaya ne. Ka saurari aksul na baya a kan titi mai santsi, gilasai a rufe, rediyo a kashe. Idan yana kuka kamar busa in ka taka totur ko ka saki, ya sha wahala. Idan mai giyar hannu ce, ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka danna totur. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya tafi.

Haka batun kwaskwarima. Wasu suna ɗaukar salansa mai ruri da kwamfutar da aka sake wa tsari don ƙarin ƙarfi a matsayin garaɓasa, har dillali ya ƙara kuɗi a kansu. A ganina ragi ya kamata su jawo. Motar da aka cire wa tukunyar tace hayaƙi za ta ba ka ciwon kai a fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, kuma tukunyar ta asali tana da tsada. Wayon da ake yi shi ne a kwance kayan kwaskwarimar a maida na asali kafin a kai kasuwa. Ka sa a ɗaga motar, ka dubi notunan salansa da na kusa da inji. Idan sun sha sifana alhali na kewayensu sun yi tsatsa da ƙura, an taɓa wurin kwanan nan.

Wani kuskuren shi ne gwada mota da daddare, zagaye ɗaya a unguwa. Masu sayarwa sun fi son bayan isha'i, iska ta yi sanyi, fitilun titi suna ɓoye bambancin fenti. Ƙasar da zafi ke haura digiri 45 da rani, da rana ake gwada mota a cikinta. Ka ce kada a tada ta kafin ka iso, ka taɓa murfin inji ka tabbatar da sanyinsa, domin yawancin ƙararrakin da ke tona asiri a daƙiƙun farko ake jin su. Bayan nan ka bar ta a tsaye, na'urar sanyi a kunne, minti ashirin, idonka a kan allurar zafi. In mai ita ya yarda kuma kana Makka, hawan Hada zuwa Ɗa'if ya fi kowace kwamfuta iya fallasa lagireto mai rauni. Ka kuma tambaya ko an cire tamostat. Wasu makanikai suna cire shi wai don maganin zafi, alhali sau da yawa ɓoye cutar suka yi.

Kowace ƙira da inda take ciwo, kuma zuwa kasuwa ba tare da sanin wurin ba shi ke sa mutum ya duba komai ya bar abin dubawa. Camaro ta 2016 zuwa 2019 mai giya takwas ta atomatik an san ta da karkarwa a matsakaicin gudu, kamar kana bin titi mai tsagi-tsagi. Sau da yawa canja man giya zuwa sabon nau'in da kamfani ya fitar yana magance ta, amma in an daɗe ana tafiya a haka gyaran ya wuce nan. Challenger mai Hemi, ka saurari ƙas-ƙas daga saman inji. Idan ƙarar ta ɓace da inji ya ɗumama, wataƙila notin bakin salansa ne ya karye, abu mai sauƙi. Idan ta zauna, ana zargin kamshaf da 'yan turin bawul, gyaran da ke buƙatar buɗe kan inji. Makanikai da yawa suna danganta wannan da yawan barin mota a kunne a tsaye, abin da kowa ke yi a nan saboda sanyi. Challenger mai silinda shida kuma gidan tace mai na roba ne, yana tsagewa ya tara mai a tsakiyar inji inda ido ba ya kaiwa sai da tocila.

Mustang mai ƙaramin inji na turbo, 2.3, wanda ya fara daga 2015, ka lura da ruwan lagireto. Idan yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, ga farin hayaƙi da safe, gaskit ɗin kan inji ne abin zargi. Tsofaffin Mustang na 2005 zuwa 2014 suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta Takata, wadda zafi da laima ke lalatawa, ga shi Jidda ta haɗa duka biyun. Gyaran kyauta ne a wurin wakilin kamfani, sai dai a duba lambar shasi a shafin kiranye na Ma'aikatar Kasuwanci a ga ko an yi. Nissan 370Z injinta jarumi ne, amma na farko-farko man injinsu yana saurin zafi, kuma akwai agogon zafin mai a gaban direba, sai a sa masa ido. A mai giyar hannu, ƙaramin famfon kuloci yana cikin gidan giya, in ya mutu sai an sauke giyabos gaba ɗaya saboda abu ɗan mitsitsi. BMW 428i, musamman kafin 2015, robobin da ke riƙe kacar taimin suna karyewa, kuma in kacar ta tsallake inji ya tafi. Yayarta 435i famfon ruwanta na lantarki ne, yakan mutu ba sallama. Wanda ba shi da makanikin BMW da ya amince da shi a sina'iyya, wato unguwar garejoji, ni dai ba zan ba shi shawarar farawa da ita ba.

A kan takardu ma ana sakaci. Rahoton tarihin mota na Mojaz yana nuna adadin waɗanda suka mallaki motar, da haɗurran da aka rubuta, da kilomitar da aka karanta a lokuta daban-daban, kuma kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Sai dai haɗarin da aka sasanta a bakin titi ba tare da kiran Najm, kamfanin da ke rubuta rahoton haɗari, ba, ba zai fito a ciki ba. Saboda haka rahoto ba ya maye gurbin kai motar wurin bincike, wanda kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya nuna maka ba. A auna kaurin fenti, a duba shasi gaba da baya, a sa kwamfuta. Idan kwamfutar ta nuna an goge bayanan kuskure kwanan nan, ka tambayi dalili.

Motar da aka shigo da ita daga Amurka tana buƙatar ƙarin bincike. Doka ta hana shigo da wadda ta yi mummunan haɗari ko ta nutse a ruwa, amma kada ka dogara da wannan kaɗai. Ka rubuta lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, a Google. In ta taɓa bi ta kasuwar gwanjon motocin haɗari a can, sau da yawa hotunanta suna nan. Ka kuma tabbatar mitar da mil take ƙirga ko da kilomita, domin mil 80,000 ya kusa kilomita 129,000. Ruwa kuwa ba sai daga waje ba. Jidda ta ga ambaliya a Nuwamban 2009 da Janairun 2011 da Nuwamban 2022, kuma mota mai ƙasa-ƙasa ita ce farkon shan ruwa. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safaya, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin laka. Turaren da ya yi yawa a cikin mota ma abin lura ne.

Akwai kuma abin da kunya ke jawo mana. Mai motar ɗan unguwa ne, ko abokin yayanka, sai a ce «ai ɗan gida ne, Alhaji, ka tafi da ita, a yi canjin suna daga baya». Kada ka yarda, ko kai ne mai saye ko mai sayarwa. Tarar kyamarorin titi na Sahir tana bin sunan da ke kan istimara, wato takardar rajistar mota, kuma irin wannan mota ba ta rasa tara. A gama canjin suna ta manhajar gwamnati ta Absher ko a ma'arad, wato wurin dillalan motoci, istimara da fahas da inshora duk da ransu, sannan makulli ya sauya hannu. Idan motar ta banki ce ana biya wata-wata, mai tuƙa ta ba shi ne mai ita ba tukuna. Sai bankin ya amince an maida yarjejeniyar kanka a rubuce, in ba haka ba kana biyan bashin motar da ba taka ba.

Camaro da Challenger duk an daina ƙera su, Challenger a ƙarshen 2023, Camaro kuma ƙirar 2024 ce ta ƙarshe. Kayan inji ba sa wuya, tunda wasu motocin kamfanonin suna amfani da irinsu. Fitila da bamba da ƙofa da gilashin gefe su ne abin ji, domin na mai ƙofa huɗu ba ya shiga. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka kira masu tashlih, wato masu sayar da kayan motocin da aka kwance, ka tambayi fitilar gaba da bamba na ƙirar shekarar da kake nema, ka ji ko akwai, ka kuma ji nawa.